Amyoyin Iya Sun Zama Sanadin Saɓani a Gidanmu

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 34, ina zaune a wani ƙauye a yankin Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta raine ni. Iya tana da gona mai itatuwan ɗorawa da tsamiya da gawo, inda masu amya suke rataya amyoyinsu, idan sun ɗebi zuma su ba ta kaso. Ita kuma ta tace, ta sayar da wani, ta rabar da saura ga marasa lafiya da masu jego. Kowa a garinmu ya san zumar Iya ba ta da haɗi.

Bayan rasuwarta shekara 4 da suka wuce, muka yi shawarar kafa sana'ar kiwon zuma da sunanta don kada a manta da ita. Yayana ɗan baffana, wanda yake kasuwanci a Kano, ya kawo kuɗin da aka yi amyoyin katako 30 da sauran kayan aiki. Baffa ya ce a ajiye su a gonar Iya, wadda har yau ba a raba ta ba. Ni nake dukan aikin, daga kula da amyoyin har ɗiba da tacewa, Yaya kuma yana sayarwa a birni. Ba mu rubuta komai ba, domin a lokacin kunya ba ta bar kowa ya yi maganar kuɗi ba. Abin da nake samu shi ne ɗan abin da Yaya ya ga dama ya miƙo mini.

Yanzu masu saye sun yi yawa, zumarmu ba ta isa. Yaya ya ce zai riƙa sayo zuma a kasuwa mu zuba a kwalabenmu masu sunan Iya, ni kuma raina bai kwanta ba. Gwaggo tana kuka, tana cewa mun mayar da sunan mahaifiyarta abin talla, a daina sayarwa a koma rabarwa. Baffa ya ce tunda gonar gado ce, a ba shi kashi ɗaya cikin uku na riba. A bazarar bara ƙudan ya tashi daga amyoyi 9, Yaya ya ce sakacina ne. Matata ta ce in bari in koma noman rani, domin gidanmu ba ya amfana. Na gaji, amma ina tsoron idan na bari ko na nemi a biya ni, na ci amanar matar da ta raine ni. Me kuke ba ni shawara?

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi. Ɗan'uwana, Allah ya jiƙan Iya da mahaifinka, ya kai haske kabarinsu, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan ɗawainiya da ka ɗauka. Na karanta wasiƙarka a tsanake, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsoron da ka ambata a ƙarshe, domin shi ne ya ɗaure maka baki duk tsawon waɗannan shekaru kana aiki ba ka iya tambayar haƙƙinka. Saboda haka da shi zan fara. Neman ladan aikinka ba cin amanar Iya ba ne, kuma hujjar tana cikin abin da ka rubuta da hannunka. Iya ba ta bar masu amya sun rataya a itatuwanta haka kawai ba, kaso take karɓa, su ma kuma ba ta taɓa cewa su bar mata zumar gaba ɗaya saboda za ta yi sadaka da ita ba. Tun kafin a hau itace kowa ya san rabonsa, shi ya sa ta yi shekaru tana hulɗa da su ba a ji kansu ba. Ku da kuka biyo bayanta kun ɗauki sunanta da halinta na kyauta, amma kun bar wannan tsarin da ya sa kyautar ta ɗore. Kunyar da ta hana ku maganar kuɗi kuna cikin jimamin rashi kunya ce mai kyau a lokacinta, sai dai yanzu ita take cin zumuncinku a hankali, domin kowa yana lissafi a zuciyarsa, babu wanda ya san lissafin ɗan'uwansa.

Gwaggo ce nake so ka fara zuwa wurinta, kai kaɗai, a ɗakinta, ba a gaban taro ba. Ka tuna cewa mahaifiyarta ce. Kai kana ganin kwalba da takardar suna, ita kuwa tana ganin sunan uwarta da farashi a kansa, a hannun mutanen da ba su taɓa saninta ba, alhali tsohuwar da ke bayan gidanku wadda ta saba aiko jikanta da ɗan ƙoƙo ta daina aikowa, don ta ji an ce yanzu ta kuɗi ce. Idan haka lamarin ya zama, Gwaggo ta fi ku gaskiya a wannan gaɓa, kuma ya kamata ka faɗa mata hakan da bakinka. Inda ta kuskure shi ne zatonta cewa ciniki yana zubar da mutuncin mamaci, tunda Iya da kanta ta sayar, da kuma zatonta cewa ana iya yi wa mamaci sadaka da guminka da kuɗin Yaya ba tare da yardarku ba. Lokacin da mahaifiyar sahabi Sa'adu bin Ubada ta rasu ba ya gari, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya bayar da gonarsa domin ita. Gonarsa ta kansa ya bayar, da son ransa. Wannan ita ce sadakar da ake fatan ladanta ya isa kabari.

Abin da nake ba ku shawara a nan shi ne ku ware wa Iya kaso sananne, dukanku ku yarda da shi, a fitar da shi ranar tacewa kafin kwalba ɗaya ta kama hanyar Kano. A ganina ɗaya cikin goma ya yi, amma kuna iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon ƙarfinku. A auna shi a gaban Gwaggo, a damƙa mata, ita ta raba, domin ta fi ku sanin gidajen da Iya take aika wa da kuma waɗanda kunya ba za ta bar su su roƙa ba. Wasu za su ce a keɓe amyoyi uku ko huɗu a ce na Iya ne, amma ban fi son wannan ba, saboda amya tana iya wayar gari babu kowa a cikinta, sadakar shekarar ta tafi ke nan, wani sabon zargi kuma ya taso. Kaso daga abin da aka samu gaba ɗaya ba ya yankewa matuƙar an ɗebi zuma. Tunda rabon zai riƙa shiga gidajen masu jego, ka roƙi Gwaggo ta riƙa faɗa musu cewa ta uwa ce, kada a lasa wa jariri, domin likitoci sun hana ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai kai ƙarfin yaƙarta ba. Idan kuma kuna son abin da zai daɗe bayan ranku, ku dasa itatuwa da niyyarta duk damina, ko mangwaro ko ɗorawa ko magarya. Hadisi ya tabbata cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da musulmi ya dasa sadaka ce, ga shi kuma furensu abincin ƙudanku ne.

Maganar Baffa tana da nauyi, kuma gara ka ji ta daga wurina tun yanzu da ka ji ta a tsakiyar gardama. A rabon gado na mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, jikan da mahaifinsa ya riga kakarsa rasuwa ba ya gadonta matuƙar ta bar ɗa namiji a raye. Sai dai idan ta yi maka wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ko ta ba ka wani abu tun tana da rai ka karɓa a gaban shaidu. Idan babu ko ɗaya, gonar ta 'ya'yanta ce, kai baƙo ne a cikinta ta fuskar mallaka, duk da cewa a nan ka girma kuma kai ka fi kowa sanin kowane itacen da ke cikinta. Na san wannan zai yi maka ciwo. Amma saninsa zai hana ka gina shekarunka a kan ƙasar da za a iya raba ta gobe a ce ka kwashe kayanka.

Saboda haka Baffa yana da hujjar neman wani abu. Sai dai ba shi kaɗai ne mai gonar ba, Gwaggo ma magajiya ce, kuma duk abin da za a biya don amfani da wurin tana da rabonta a ciki. Kashi ɗaya cikin uku na riba kuma ya yi yawa idan aka dubi abin da gonar take bayarwa. Amyoyin ba su ci fili mai yawa ba, ana ci gaba da noma gonar, kuma ƙudan zuma yana yin kiwo har nisan kilomita 3 daga amyarsa, wato zumar da kuke ɗiba daga furen gawo da ɗorawa da darbejiya da riɗin garin gaba ɗaya ta fito. Abin da gonar Iya ta bayar shi ne inuwa da wurin ajiya. Akwai ma'auni mai sauƙi da Baffa zai ji nauyin ƙin karɓa, shi ne abin da mahaifiyarsa take karɓa daga masu amya. Ka nemi tsofaffin da suka yi hulɗa da ita, waɗanda suke raye, su faɗi abin da suke ba ta, ku gina a kansa, ku mayar da shi haya sananniya, ko kwalabe kaza a shekara ko kuɗi kaza. Ka kuma tunatar da Baffa cikin ladabi cewa jinkirta rabon gado yana ƙara yawan magada da rikicinsu. Tunda ba ka da kaso a ciki, babu mai zarginka da kwaɗayi idan kai ka ɗago maganar.

Yanzu ga Yayanka. Kada gajiyarka ta rufe maka ido daga abin da ya yi. Shi ya fitar da kuɗinsa lokacin da babu wanda ya san ko ƙuda zai shiga amyoyin, kuma shi ya nemo masu sayen da suke biyan farashin birni. Ba don shi ba, da a kasuwar ƙauye kake sayarwa a kan abin da dillali ya yanka maka. Amma shi ma ba don kai ba, da katako kawai ya mallaka. Malamanmu sun daɗe da sanin haɗakar mai dukiya da mai aiki, kuma ƙa'idarta a fili take: ana yanka kason kowa a riba tun farko, idan kuma asara ta zo ba da sakaci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Abin da bai halatta ya ci gaba ba shi ne wanda kuke ciki, inda ladan aikinka ya rataya a kan ganin damar wani. Hanya biyu ce a gabanku. Ko a yanka maka albashi sananne a matsayin ma'aikaci, ko a yanka maka kaso a matsayin abokin tarayya. Na fi karkata ga kaso, domin kuɗin zuma ba kowane wata yake shigowa ba, kuma albashin da ake jinkirtawa sai ya haifar da sabon ɓacin rai. Game da shekarun da suka wuce, ka lissafa su don a san darajarsu, amma kada ka kafe sai an biya ka da kuɗi hannu. Ka nemi a mallaka maka wasu daga cikin amyoyin a madadinsu, su zama naka halak malak, sannan duk shekara ka riƙa ƙara naka daga kasonka. Kafintan garinku zai iya yi maka irin waɗannan masu jerin sanduna a sama idan ka kai masa ɗaya ya gani, ka dai tsaya a kansa ya yanka faɗin kowace sanda milimita 32, domin idan ta fi haka ko ta gaza, ƙudan zai yi saƙa a karkace ya haɗe sandunan.

Zargin sakaci a kan amyoyin da ƙudan ya tashi yana buƙatar adalci daga ɓangarorin biyu. Ƙudan zuma na ƙasashenmu an san shi da saurin ƙaura idan wuri ya yi masa tsanani, kuma kowane tsohon mai amya zai shaida wa Yaya cewa ba a shekara ba a samu amyar da ta zama kango ba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Jigawa yana haura maki 40 a ma'aunin Celsius, alhali ƙudan yana buƙatar riƙe ɗumin wurin 'ya'yansa a kusa da maki 35, kuma da ruwa yake sanyaya amya. Idan tafkuna sun ƙafe, fure ya yi ƙaranci, aka kuma kwashe masa zumar da ya tara gaba ɗaya, babu abin da zai zaunar da shi. Duk da haka tara cikin talatin ba kaɗan ba ne, kuma zai ƙara maka daraja ka binciki kanka kafin wani ya bincike ka. Ka duba ko akwai ruwa kusa da amyoyin kullum, a kasko ko tsohuwar randa, da karare ko duwatsu a ciki don kada ƙudan ya nutse. Ka duba ko rana tana dukan wasu da tsakar rana, ko kiyashi da tururuwa suna hawa ta ƙafafun abin da ka ɗora su a kai, wanda shafa baƙin mai yake hanawa. Ka duba ko matsin masu saye ya sa kun ɗebi fiye da kima, domin idan haka ne, laifin na mai matsawar ne tare da kai. Sannan ka zaga wurin maƙwabtanka masu wake da masu kayan lambu, ka roƙe su su riƙa yin feshin maganin ƙwari da yamma liƙis bayan ƙudan ya koma gida, su kuma sanar da kai ranar da za su yi. Malaman gona na JARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Jigawa, suna iya taimaka maka a wannan magana, domin manomi ya fi jin ta daga bakinsu.

A kan sayo zumar kasuwa a zuba a kwalabenku kuwa, ina tare da kai ba tare da wani jinkiri ba. Mutanen da suke biyan ƙarin kuɗi don sunan Iya suna biya ne saboda an ce musu daga amyoyinku take kuma babu haɗi. Zumar da aka sayo a jarka daga hannun wanda ba a sani ba tana iya zama an haɗa ta da dafaffen sukari, ko an matse ta tare da 'ya'yan ƙudan, ko an ɗebe ta ba ta nuna ba. Gwaje-gwajen da aka saba yi a kasuwa, irin na ashana da na ɗigawa a ƙasa ko a ruwa, ba sa kama mai haɗin da ya iya aikinsa. Ko da ma an yi sa'a ta zo mai kyau, faɗa wa mai saye cewa taku ce alhali ba taku ba ce algus ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu bai ware zuma ba. Duk abin da Iya ta bar muku a wannan sana'a shi ne shaidar da mutane suka yi mata, kuma jarka ɗaya ta isa ta rushe ta.

Amma kada ka tsaya a kan ƙi kawai, domin damuwar Yaya ta gaskiya ce. Mai sayen da ya zo sau biyu bai samu ba yakan koma wani wuri. Ka kai masa mafita tare da ƙin. Mutanen da suke rataya amya a gonar Iya da 'ya'yansu suna nan, haka ma wasu masu amya a ƙauyukan da ke kewaye da ku. Ku riƙa saye daga hannunsu tun tana cikin saƙarta, ka zaɓi saƙar da ƙudan ya rufe bakinta da kaki, domin rufewar ita ce alamar zuma ta nuna, ka tace da kanka ba tare da ɗora ta a wuta ba. Ƙa'idar abinci ta duniya ta iyakance ruwan da ke cikin zuma da kada ya wuce kashi 20 cikin 100, domin wadda ta wuce haka takan yi tsami da kumfa a kwalba. Akwai ƙaramar na'ura ta hannu da ake auna wannan da ɗigo ɗaya, Yaya ya nemo muku. Ku biya waɗannan mutane fiye da abin da dillali yake ba su, ku koya musu amfani da hayaƙi maimakon cinna wa amya wuta, sannan ku rubuta gaskiya a jikin kwalba, cewa daga amyoyinku take da na maƙwabtanku. Wannan ma aikin Iya ne, tunda ita ma zumar wasu take tacewa, sai dai ta san hannun da kowace ta fito. Idan duk da haka ba ta isa ba, a faɗa wa mai saye ta ƙare sai ɗiba ta gaba. Kakin da yake saura bayan tacewa kuma kada a zubar, a narka shi a tace a tara, dukawa da masu haɗa man shafawa suna saye, kuma matan gidanku za su iya riƙe wannan ɓangare ya zama nasu.

Akwai abin da ba ka ambata ba wanda nake so ka tambaya cikin gaggawa: shin an yi wa sunan rajista, kuma da sunan wa? Idan Yaya ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, shi kaɗai, ko da da kyakkyawar niyya ya yi, a idon hukuma sunan nasa ne. Ana iya sanya sunayen mutum fiye da ɗaya a matsayin masu shi, saboda haka ka nemi a sanya naka. Idan kuna son kwalabenku su shiga manyan kantuna, za ku buƙaci lambar NAFDAC, ita ma a san sunan da za ta fita da shi tun kafin a fara nema.

Matarka ba abokiyar gabar Iya ba ce. Ita take ganin ka dawo da kumburin harbi a hannu ba tare da cefane ba, kuma ciyar da ita da 'ya'yanka wajibi ne a kanka, alhali raya sunan Iya alheri ne na ganin dama. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da za ka nema da lokacin da ka ɗibar wa kanka, ka kuma sani cewa shawararta ta noman rani ba ta hana kiwon zuma, domin amyar da aka tsara da kyau ba kullum take buƙatar a buɗe ta ba.

Game da yadda za ka ɗago maganar, kada ka bari Yaya ya fara jinta a gaban mahaifinsa da Gwaggo, domin zai ji kamar ƙararsa ka kai. Ka yi tattaki zuwa Kano ka same shi, ka fara da godiya a kan abin da ya yi, ka nuna masa littafin da ka rubuta yawan amyoyi da abin da aka ɗiba da abin da aka kashe. Idan ba ka da irin wannan littafi, ka fara shi yau, ka kuma roƙe shi ya buɗe nasa na ciniki. Ka faɗa masa kai tsaye cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bayan kun fahimci juna, sai ku kira zama na gida tare da limamin garinku ko wani dattijo da Baffa yake jin nauyinsa, kuma ku yi shi kafin lokacin ɗiba, sa'ad da babu kuɗi a gaban kowa. A rubuta kason Iya, da hayar gona, da kasonka da na Yaya, da amyoyin da suka zama naka, da sharaɗin cewa ba za a zuba zumar da kai ba ka tantance ba a kwalba mai sunanta, da abin da za a yi idan wani yana son fita. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa. Idan wani ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, liman zai tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashin da ke tsakaninsu, ƙarami ne ko babba.

Mai yiwuwa ne ka yi duk wannan su ƙi. Idan Yaya ya kafe a kan zumar kasuwa, ka janye hannunka daga kwalaben, ka sanar da shi da Baffa da Gwaggo dalilinka a fili ba tare da faɗa ba, ka ba su wa'adin ɗiba ɗaya su nemi wanda zai karɓi aikin, ka kuma koya masa abin da ka sani don kada ƙudan ya wahala. Kada ka bi gari kana ɓata sunan kasuwancin, amma idan wani ya tambaye ka ko har yanzu kai kake tacewa, ka faɗa masa gaskiya. Ka ci gaba da zuwa gaishe da Baffa kamar yadda ka saba. Naka amyoyin, ko da guda biyar ne, ka nema musu wuri a wata gona, masu kankana da masu riɗi sukan yi maraba da su saboda ƙudan yana ƙara musu yabanya. Ka ɗauke su da dare bayan ka toshe ƙofofinsu, ka bar musu hanyar shan iska, ka kai su nesa da tsohon wurin da kamar kilomita 5, domin idan kusa ne masu fita kiwo za su koma inda suka saba. Ka nisanta su da hanya da gidaje da wurin da ake ɗaure dabbobi, ka kuma sanar da mai unguwa. Daga zumar farko da za ka ɗiba a can, ka auna ɗaya cikin goma ka kai wa Gwaggo ta raba da niyyar Iya, wannan ba ka buƙatar izinin kowa a kansa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a amyoyin, kuma ina jiran in ji yadda zamanku da Yaya ya kasance.